Rigarka a Hanyar Tsibiri

Lahadi, bayan la'asar. Ƙarshen Afrilu.

Kowa a garin nan ya ɗauka rigar babur ta sanyi ce. Ni ma haka na ɗauka. Shekara da shekaru ina zaune a bayanka ina yi maka dariya in ka ɗauko buluzonka na fata a tsakiyar bazara, ina cewa ga mutum zai shiga tanda da ƙafarsa. Kai kuma ka ce ba don iska kake sa shi ba, don kwalta ne. Shekaranjiya kwalta ta yi mini bayanin da kanta.

Wajen fita daga gari bakin mayafina ya shiga tayar baya. Ya shaƙe ni, ya fizge ni ƙasa. Allah ya taimake ni ba gudu nake yi ba. Hannuna na hagu ya saluɓe daga gwiwa har wuyan hannu. Na tashi, na warware mayafin daga ƙarfen taya, na je Tsibiri na yi darasina da hannu ɗaure da kallabi.

Tun Larabar nan da suka zo suka tafi da kai, ni nake hawan babur ɗinka. Da ka san ranar za ta zo, da ka ƙara mini darasi lokacin da kake koya mini a filin ƙwallo.

Yau babban wanka Alhaji Sallau ya shigo, ya zauna a ƙofar ɗakin Hajiya mahaifiyarku, aka kira ni. Ya ce an yi maganata a kasuwa. Ya ce idanun da ke kan gidan nan sun isa, ba sai matar ƙanensa ta ƙara da birgima a kan titi ba. In zauna gida, gero da mai duk a wuyansa, har abin ya wuce. Na gode masa, don da gaske yake, kuma a shekarar nan ta fari ba kowa ke iya faɗin haka ba. Sannan na ce ƴan ajin ƙarshe za su zauna jarrabawar fita, birebe, a watan Yuni, kuma duk lakwal ɗin, makarantar Tsibiri, ni kaɗai ce mai koyar da lissafi da kimiyya. Motar haya ba ta barin tasha sai ta cika, ranar da na gwada ta sai da hantsi ya ɗaga na isa. Na tambaye shi ko ya fi son a gan ni bayan ɗan kabu-kabu.

Da zai tashi ya ce, "To Malama, ga Hajiya shaida. Kika sake kawo ko ƙwarzane ɗaya gidan nan, lakilen babur, makullin nan, ya dawo hannuna."

Na ce na yarda. Hajiya tana jan carbi tana kallon ƙofar gida, kamar kullum.

Ba zan zauna ba.

Litinin, da magariba.

Na kai abinci can inda suke tsare da kai. An karɓa. An maido kwanon babu komai.

Talata, da yamma.

Na shiga kasuwa wajen ƴan gwanjo. Sha'ibu, wanda kake sayen takalma wajensa, ya ga hannuna ya yi salati, sannan ya ce ashe ni ce Madam Pari-Dakar da ƴan kabu-kabu ke faɗi, sunan tseren nan na babura a hamada. Na ce ni ce, kuma ban ci tseren ba tukuna.

Na gaya masa abin da nake nema. Riga mai ƙarfin da za ta karɓi kwalta a madadina, mai zif har wuya yadda zan cusa mayafi ciki duka, kada ko bakinsa ya leƙo. Ya zazzage dila guda a gabana. Yawanci na ƙasar ƙanƙara ne, masu auduga a ciki kamar katifa. A ƙarshe ya ciro wata shuɗiya marar nauyi, mai santsi, ya ce wannan ko jariri ya sa ba zai ji zafi ba. Na ɗaga ta na ji kamar ban riƙe komai ba, na saya.

Buluzonka yana nan a ɗakin Hajiya. Tun ranar ta ɗauke shi daga ɗakinmu ta rataye a ƙusa kusa da gadonta. Ban tambaye ta ba.

Laraba, da azahar, a ofishin malamai.

Rashin nauyi ba sanyi ba ne. In rubuta wannan babba a allo.

Shuɗiyar rigar leda ce. Kafin in wuce gonakin bakin gari zufa ta cika mini hannuwa, na ji tana taruwa a gwiwar hannu, ciwon yana zogi. Na isa lakwal kaina na juyawa. Darakta ya ba ni ruwa ya ce in koma gida. Na ce ina da aji.

Sai na mai da wahalata darasi. Na aro tulu biyu a gidan maigadi, muka cika su, muka naɗe ɗaya da rigar, ɗayan muka bar shi tsirara a inuwar dogonyaro. Kafin a tashi kowa ya zo ya tsoma yatsa. Balki, mai zama a bencin gaba, ita ta fara ganewa. Ta ce tulun da ke zufa iska na shan zufarsa, shi ya sa ya yi sanyi, wancan kuwa an toshe masa numfashi. Na ce ta zo allo ta maimaita da Faransanci, haka za a tambaye ta a jarrabawa. Ta yi, har da zane.

Rigar da nake nema ke nan: ta zama tulu, kada ta zama leda.

Benci biyu na baya sun zama wayam. An ce yaran sun tafi Jibiya neman abin sawa a baka. Waɗanda suka rage garin rogo suke jiƙawa da ruwa, wasu ma ko shi babu. Kuma suna zuwa. A ƙafa, daga ƙauyuka, suna zuwa. Ni da ke da taya biyu in ce na gaji?

Juma'a, da magariba.

An karɓa. An maido kwanon. Ko kai ka ci, ko wani ya ci, wani dai ya ci.

Asabar, bayan la'asar. Mayu.

Na mai da wa Sha'ibu ledarsa, ya ƙi karɓa, ya ce in ajiye damina na tafe. Na ce wace damina. Ya ce Madam kada ki yi saɓo.

Amma ya samo mini wata, kuma wannan ita ce. Yadi mai kauri irin na tamfol, ninki biyu a kafaɗa da gwiwar hannu, ƙarƙashin hammata kuma raga ce. Na hura ta da bakina na ji iska a tafin hannuna ta ɗaya gefen. Haka ake gwadawa: abin da numfashinka bai ratsa ba, iskar hanya ma ba za ta ratsa ba. Launinta kore ne mai duhu. Na hau na zagaya har hanyar Jiratawa don jin daɗi kawai, sai da na hango koren gonakin rani na tuna inda na nufa, na juyo.

Kullum da safe sai ka kai ni Tsibiri, ka juyo, ka ratsa gari duka ka gangara Jiratawa wajen aikinka. Gabas da yamma ba su fi haka nisa da juna ba, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafin mai ba.

Litinin, da azahar.

Sun karɓe ta.

A shingen bakin gari ne. Wani ƙaramin soja ya ɗaga hannu, ya zagaya ni, ya ce wa ya ba ni kaki. Na ce ba kaki ba ne, gwanjo ne, ya duba bayanta zai ga sunan wani kamfanin gyaran famfo na Turawa. Ya ce launin nasu ne. Ya ce in cire. Na cire a gaban masu amalanke da mata masu tallar itace. Ya nemi takardun babur, ya karanta sunan da ke jiki, ya ɗago ya dube ni, ya sake karantawa. Ya miƙo mini takardun. Ni kuwa ban sunkuyar da kai ba.

Na naɗe mayafin a ƙugu, na zauna a kan bakinsa, na tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na makara. Mun yi lissafin kusurwa duk da haka.

Talata, da asuba.

Ba zan zauna ba.

Laraba, da magariba.

Na shiga ɗakin Hajiya na durƙusa na ce aron rigarka nake so. Ta miƙe da kanta, ba ta bari na taɓa ƙusar ba, ta sauko da ita ta kakkaɓe ta ɗora mini a cinya. Ta ce aro ne. Na ce aro ne, Hajiya.

A aljihun dama safar hannunka. A na hagu ɓarin goro, ya bushe ya yi baƙi. Na mai da shi inda na same shi.

Alhamis, bayan la'asar.

Yaya kake yi da ita? Baƙa, mai nauyi, ko ƙofar allura babu. Ta riƙe mayafin tsaf, wannan kam ba magana, kuma kwalta ba za ta ga fatata ba. Amma a dawowa, rana tsaka, sai da na tsaya a gindin wani gawo na buɗe zif ina haki kamar kaza. Da na ƙara tafiya kaɗan da na faɗi ba tare da kowa ya taɓa ni ba. Hannuwanta kuma sun rufe mini yatsu, sai na ninke su sau biyu.

Kai namiji ne mai taurin kai, ka saba, kuma da sanyin safiya da na yamma kake tafiyarka. Ni da azahar nake dawowa.

Na zauna ina kallonta a kan gado. Fata ce mai kyau. Abin da ya rage mata numfashi.

Asabar, da hantsi.

Na kai ta wajen Jibo baduku, a layin dukawa. Na zana masa da alli inda nake so: layi-layi a ƙirji inda iska ke bugowa, ƙarƙashin hammata, da tsakiyar baya don iskar da ta shiga ta sami mafita. Kafaɗa da gwiwar hannu kada ya taɓa, nan ne ke fara sauka ƙasa. Ya juya rigar ya juya, ya ce mai ita ya sani? Na ce zai sani.

Ya ɗauko ƙarfen da yake huda ɗamara da shi, ya yi ta bugu, ƴan ƙananan fatu suna zuba a tabarma kamar wake. Kowane bugu sai na ji shi a haƙorina. Da ya gama ya auna hannun rigar da nawa, ya ce bari ya rage mini, aikin minti kaɗan ne, ya ɗauko almakashi. Na riƙe masa hannu. Ban taɓa riƙe hannun wani namiji a kasuwa ba. Ya ajiye almakashin.

Litinin, da azahar.

Ta yi. Na jiƙa ƴar shimi da ruwan randa na matse na sa a ciki, na ɗora rigata, na cusa mayafi, na ja zif. Da na kama hanya iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, na ji sanyi yana bin haƙarƙarina a tsakiyar watan Mayu. Na yi dariya ni kaɗai a kan kwalta. Na zama tulu.

Ƴan aji sun kewaye ni suna leƙa hujin. Na ce wanda ya yi mini bayani da kyau zai zagaya fili a kan babur ranar da aka gama jarrabawa. Hannuwa suka tashi har na waɗanda ba su taɓa ɗagawa ba.

Litinin ɗin dai, da magariba.

Ba a karɓi kwanon ba. An ce ba ka nan. Na ce ina? An ce in tafi.

Na dawo da tuwon da zafinsa. Hajiya tana tsakar gida, ta ga kwanon, ta ga yadda nake riƙe da shi. Sannan idonta ya sauka a kan rigar, hasken fitila yana ratsa hujin.

Ta ce, "Atika, mi kika ji wanda ban ji ba?"

Na ce ban ji komai ba.

Ta ce, "Kayan wanda ya tafi ake gyarawa a yi wa wani daidai. Na mai rai ba a sa musu ƙarfe. Maliki na nan da ransa kika raba kayansa?"

Kowace amsa na ɗauko sai na tarar da kalmar nan a cikinta, wadda na hana bakina. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Laraba.

Na gaishe ta ta bayan labule. Ta amsa da kalma ɗaya.

Juma'a, bayan sallah.

Alhaji ya je inda zai iya zuwa, ya ga waɗanda zai iya gani. Ya dawo ya zauna a zaure ya cire hula ya ɗora a gwiwa. An ce masa ya yi haƙuri. Ya rame shi ma, ban lura ba sai yau. Ya ce mini da ka yi shiru a taron nan na rabon ruwan noman rani a Jiratawa da yanzu kana gida. Na ce da ka yi shiru da ba kai ba ne. Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai ya mai da hularsa.

An fita roƙon ruwa jiya. Sama fara fat.

Talata, da yamma. Yuni.

Ina zuwa, ina dawowa. Mun gama littafin lissafi, mun koma kan tsofaffin tambayoyi. Biyu daga waɗanda suka tafi Jibiya sun dawo, sun ji an ce Madam ba ta fasa ko rana ɗaya ba. Ban tambaye su komai ba, na ce su buɗe shafi.

Na daina kai rigar ɗakin Hajiya da dare. A ɗakinmu take kwana. Ƙusar tana nan ba komai a kanta, ina ganinta in labule ya motsa.

Alhamis, bayan magariba.

Wannan kam sai na rubuta.

Da na fito daga lakwal gabas ta yi baƙi. Na ce zan riga shi. Ban riga shi ba. Iska ta fara, sannan ruwa, manya-manyan ɗigo masu zafi a fuska, sannan kamar da bakin ƙwarya. Huji kuwa huji ne, abin da ya bar iska ya bar ruwa. Na tsaya na ciro ledar Sha'ibu daga ƙarƙashin sirdi na ɗora a kan buluzon. Ashe amfaninta ke nan, a sama, na ɗan lokaci. Mutane sun fito bakin hanya, yara suna tsalle tsirara, wani tsoho ya ɗaga hannuwa sama yana kuka. Ina kallonsu ne ban ga yashin da ruwa ya kwaso ya shimfiɗa a kwalta ba.

Tayar gaba ta tafi. Na sauka a kafaɗar dama, na ja a ƙasa, ina jin ƙarar fata a kan kwalta kusa da kunnena. Ledar ta yage gida biyu. Mayafi bai motsa daga inda na cusa shi ba. Ƴan kabu-kabu suka ɗaga ni, suka ɗaga babur, madubi ɗaya ya tafi. Na hau na taho.

Labari ya riga ni isowa. Alhaji yana tsaye a zaure, rigarsa jiƙe, ya miƙo tafin hannu. Na ce ƙwarzane muka yi da shi, ba faɗuwa ba. Ya ce mace ta ja a kan kwalta ta ce ba ta ƙwarzane ba? Na ce a duba. Shi dai ba zai duba hannun matar ƙanensa ba, mu duka mun sani. Sai muka ji labule ya motsa.

Hajiya ta ce in shigo.

Ta zuge zif ɗin da kanta. Ta cire mini safar hannu, ta juya tafina, ta bi hannuwana da yatsa har kafaɗa, ta tsaya a kan tsohon tabon, ta wuce. Sannan ta ɗauki rigar. Kafaɗar dama ta koɗe ta yi fari, gwiwar hannun kamar an goge ta da dutse. Ta shafa wajen. Da ta ɗaga ta, ninkin hannun ya warware, ya sauka har ƙasa da tsawonsa. Ta warware ɗayan. Ta auna da tafinta, taki-taki, yadda take auna yadi.

"Ba ki rage ba."

Na ce, "In na rage, wa zai sa, Hajiya?"

Ta zauna a bakin gado da rigar a ƙirjinta. Ruwa yana dukan kwanon rufi. Da na motsa ta ga ina ɗingishi, don ƙuguna ya bugu, gobe zai yi baƙi. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce ƙwarzane dai aka ce.

Sannan ta ɗaga murya ta bayan labule: "Alhaji, babu ko ɗaya. Mai da hannunka aljihu."

Juma'a, da safe.

Na tarar da rigar a ƙofar ɗakina, an shafe ta da man kaɗe, an ninke hannuwan sau biyu daidai tsawona. A kan sirdin babur kuma sabuwar hular kwano, da takardar kanti a jikinta. Ba wanda ya ce shi ya ajiye. Da na wuce ta gaban shagon Alhaji ya sunkuya yana ƙirga abin da ba ya buƙatar ƙirgawa.

Asabar, bayan la'asar. Ƙarshen Yuni.

Sun gama jarrabawa. Na raka su har ƙofa kowace safiya, na tsaya a waje da iyayensu. Balki ta fito daga kimiyya tana murmushi. Ban tambaye ta ba, ban so in sani tukuna. Na cika alkawari, sai da mai ya kusa ƙarewa muna zagaya fili, darakta yana cewa za mu kashe masa ciyawar da ba ta fito ba.

Gero ya tsiro a hanyar Tsibiri, ɗan yatsa-ɗan yatsa. Ba a san ko ruwan zai ɗore ba. Kai ma ba a ce komai a kanka ba. Ranar Litinin zan sake zuwa da kwanon.

Na san abin da za ka ce in ka ga rigarka. Za ka ɗaga ta a rana ka leƙe ni ta cikin hujin, ka ce na mai da ita rariya. Kada ka yi gardama da ni a tsaye. Ka jiƙa singileti da ruwan randa, ka matse, ka sa. Ka warware hannuwan, suna nan yadda ka bar su. Ka ja zif har wuya, ka jira azahar ta yi, ka kama hanyar Jiratawa. Ni zan zauna a baya in riƙe mayafina, in ka ji sanyin ka gaya mini.